Tun da sanyi ya shigo kifin tirawut ya ƙaurace min, ina yake shiga ne?

Sabon_Masunci:

Salamu alaikum 'yan'uwa masu fatsa, don Allah ina neman wanda zai fitar da ni daga duhu. Akwai wani dam a kan tsauni da nake zuwa tun watan Yuli, tsayin wurin ya kusa mita 2000 daga teku, kuma duk lokacin zafin nan ban taɓa dawowa hannu rabbana ba, ko ba yawa zan samu tirawut biyu ko uku. Yadda na saba shi ne in tsaya kusa da bangon dam ɗin inda ruwa ya fi zurfi, in ɗaura dalma mai nauyi in wurga can nesa iya ƙarfina, in zauna in jira. To yanzu ga Nuwamba, fita uku ke nan wallahi ko taɓa ƙugiyar ba a yi ba. A fita ta farko ruwan ma ya canza kala ya yi wani duhu duhu, ga gutsattsarin ruɓaɓɓiyar ciyawa na yawo a sama, ga wani ɗan wari kamar ƙwai ya lalace. A ta biyu da ta uku ruwan ya washe tas amma duk ɗaya. Sannan ruwan ya ja baya sosai, inda nake tsayawa da yanzu laka ce, kuma zaren sai ya riƙa daskarewa a zobban sandar har ya ƙi fita.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar Asabar wani dattijo ya zo ya tsaya can gefe inda ba zurfi, wurin da ni ko kallonsa ba na yi, a gabana ya ciro uku, ko wurgawa mai nisa ba ya yi. Kunya ta hana ni tambayarsa. Shin kifin barci yake yi in sanyi ya yi ne, ko ni ne ban iya ba? Ko in haƙura sai bazara?


Kawu_MaiFatsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Da ka daure ka tambayi dattijon nan da ka huta, masu fatsa ba su cika rowar ilimi ba, wurinsu kawai suke ɓoyewa. Kifin ba barci yake ba, tashi ya yi daga inda ka san shi, kai kuma kana nan kana ta sallama a ƙofar gidan da masu shi suka yi ƙaura.

Bari in yi maka bayanin ruwan tukuna don in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Ruwa ya fi nauyi ne idan sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Salsiyos, in ya fi haka ɗumi ya fi sauƙi, in ya fi haka sanyi ma ya fi sauƙi, shi ya sa ƙanƙara take yawo a sama ba ta nutsewa. To lokacin zafi tafki mai zurfi kasuwa yake yi hawa hawa, ruwa mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, a tsakaninsu akwai wani sashe da sanyi ke ƙaruwa da sauri in kana sauka, kuma ba sa gauraya. Shi tirawut kifin sanyi ne, ya fi jin daɗi wajen digiri 10 zuwa 16, in ruwa ya haura 20 ya fara shan wahala, don haka a Yuli da Agusta dole ya sauka ƙasa, kai kuma dalmarka mai nauyi ta same shi a can. Ba wai ka gano wani sirri ba ne, zafi ne ya tattara maka su wuri guda.

Da dare ya fara tsawo iska ta fara sanyi sai ruwan sama ya huce ya yi nauyi ya fara nutsewa, har a kai ranar da sama da ƙasa suka zo ɗaya, sai iska mai ƙarfi ta kaɗa ta juya tafkin gaba ɗaya kamar an sa muciya. Abin da ka gani a fitarka ta farko ke nan. Ruwa ba ya tsami banza, warin nan na ruwan ƙasa ne da ya yi watanni babu iskar oksijin sosai, ganye da ciyawa suna ruɓewa a cikinsa, shi ne ya taso. An fi jin sa a dam da tafkin da ke da ciyawa da laka, tafkin da ke can ƙololuwar tsauni mai dutse zalla wani lokaci zai juya ba ka ma sani ba. A kwanakin juyawar nan kamu yakan yi wuya ga kowa, ba kai kaɗai ba, amma ba ya daɗewa, da ruwan ya washe shi ke nan.

Bayan nan fa babu abin da ya tsare kifi a ƙasa. Ko'ina sanyi ɗaya, ko'ina akwai iska, ruwa mai sanyi ma ya fi riƙe oksijin, a digiri 20 wajen miligiram 9 yake ɗauka a lita, a kusa da daskarewa ya haura 14, duk da a kan tsauni yakan ɗan ragu saboda iskar wurin ba ta da nauyi. To me zai zauna yi a mita 15? Abinci yana bakin gaɓa, ƙananan kifi, matsattsaku, 'yan mitsi mitsin jatan landen nan da ke cikin ciyawar ruwa, tsutsar ƙwarin nan masu kama da sauro da ba sa cizo, waɗanda ko cikin tsananin sanyi suna ƙyanƙyashewa. Duk a ruwan da bai wuce mita 1 zuwa 3 ba. Kai kana wurga ƙugiyarka ta saman kawunansu ne tana faɗawa inda ba kowa.

Ka koma ka nemi inda rafi ke shigowa dam ɗin, da inda tudu ya miƙe cikin ruwa kamar hanci, da bakin ciyawar da ba ta gama mutuwa ba, da wurin da gaɓa ta tafi a hankali sannan ta faɗa zurfi lokaci guda. Kuma ka daina gudun iska. Kowa yana son ya tsaya inda iska ke bayansa don wurgawa ta yi daɗi, amma gaɓar da iska ke dukanta nan abinci ke taruwa, kuma igiyar ruwan tana ɓoye ka. In ruwa ya kwanta lif kuma ya washe, kifi na ganinka mai jar koma, ka ja baya daga baki, kar ka taka da ƙarfi, kar inuwarka ta faɗa ruwa.

Jan bayan da ruwan ya yi kuma ba abin baƙin ciki ba ne, dam da yawa haka suke a ƙarshen kaka bayan an sake ruwa ga gonaki ko injin lantarki. Ni lokacin ne nake yawo ina ɗaukar hoton duwatsu da kututture da tsohuwar hanyar rafin da ruwa ya rufe, don in ya cika baɗi na san abin da ke ƙasa.


Mai_Cokali:

Kawu ya gama magana a kan wuri, ni bari in taɓa kayan aiki don na tabbata nan ma akwai matsala. Ɗan'uwa zaren da kake amfani da shi wane iri ne? In saƙaƙƙen nan ne to shi ne yake jawo maka daskarewa, yana shan ruwa, ruwan ya taru a zobe ya zama ƙanƙara. Ka koma zaren nailan na gargajiya siriri, mai ɗaukar kilo 2 zuwa 3 ya isa, in kana so ka ƙara guntun fulorokabon, zaren nan da kifi bai cika gani a ruwa ba, a gaba wajen tsawon hannu tunda ruwan ya washe. Zobban kuma ka shafa musu man leɓe ko Vaseline kaɗan kafin ka fara, ba ya hanawa gaba ɗaya amma yana ragewa. In ta taru kar ka ɓantare da haƙori ko ka buga sandar a dutse, ka tsoma kan sandar cikin ruwan na ɗan lokaci za ta narke, ai ruwan ya fi iskar ɗumi. Na taɓa karya kan sanda sabuwa dal saboda haushi, har yau in na tuna sai na ji ciwo.

Sai maganar sauri. Jinin kifi da ruwa tafiyarsu ɗaya, ruwa ya yi sanyi jikinsa ya yi sanyi, narkar da abinci ma ya ragu, yana ci fa amma ba zai bi abu da gudu mita goma ba. Ni da ɗan cokalin ƙarfen nan mai ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi nake aiki, samfurin Kastmaster ƙarami ko Mepps mai farfela lamba 1 ko 2, kuma kuskuren da na shekara ina yi shi ne naɗe zare kamar ana kora ta. Yanzu in na wurga sai in ƙirga, ɗaya biyu uku har biyar in fara naɗewa a hankali, wurgi na gaba in ƙirga takwas, na gaba goma sha biyu, har in gano hawan da suke. Ina naɗewa sai in tsaya cak in bar cokalin ya riƙa faɗuwa yana walƙiya, wallahi mafi yawan cizon a wannan faɗuwar yake zuwa. Kuma kar ka wurga tsakiya kawai, ka wurga a gicciye kusan layi ɗaya da gaɓa don cokalin ya daɗe a inda kifin yake.

In kuma zama kake so kamar yadda ka saba to rage dalmar, sa wadda zare ke ratsa cikinta yana zamewa don in kifi ya ɗauka kar ya ji nauyi, a gabanta zare wajen santimita 45 zuwa 60 da ƙaramar ƙugiya, ka sa PowerBait, ƙullun abincin kifin nan na kanti da ake liƙawa a ƙugiya, wanda yake tasowa sama ya tsaya saman ciyawa. Amma wannan ya fi cin kifin da aka reno a gidan kiwo aka zuba, shi ya saba da abincin da ake watsa masa, wanda aka haifa a ruwan kam tana ta fi masa. Cizon ma ba irin na Yuli ba ne da sanda za ta lanƙwashe, wani lokaci zaren ne kawai zai ɗan saki ko ya matsa gefe.

Wuri ɗaya da ni da wasu muka saɓa shi ne lokaci. Kowa zai ce maka sammako, ni kam daga tsakiyar Nuwamba na daina wahalar da kaina, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 6 ko 7 na fi samu daga hantsi zuwa la'asar lokacin da rana ta ɗan taɓa ruwan gaɓa ƙwari suka motsa. Sayi ɗan ma'aunin zafi ka ɗaura a zare ka riƙa tsomawa, ya fi duk wani hasashe.


Kawu_MaiFatsa:

Mai_Cokali ban ƙi taka ba amma da gyara. Nau'in tirawut mai bakan gizo ne yake son hantsi. Babban burawun kam, wato tirawut mai launin ruwan ƙasa, mai son duhu ne, da asuba da goshin magariba da ranar da hadari ya rufe yake matsowa baki, manyan da na taɓa riƙewa duk a irin wannan lokacin ne, hannu na kakkarwa. Sai dai ga mai koyo na yarda ya fara da rana.


Uwar_Biyu:

Ƙanena duk sun gaya maka yadda za ka kama kifi, babu wanda ya gaya maka yadda za ka dawo gida, to ni wannan na zo faɗa. Ka ce inda kake tsayawa ya zama laka, don Allah ka ji tsoron lakar nan. Da safe samanta yana daskarewa ka ga kamar ƙasa ce mai ƙarfi, rana na fitowa ta saki. Shekara biyu da suka wuce ni da maigidana muka je wani dam a irin wannan lokacin, na taka don in kai bakin ruwa, ƙafa ɗaya ta shige har gwiwa, ina ƙoƙarin cirewa ɗayar ta bi, na faɗi gefe ɗaya cikin ruwan da bai kai ƙugu ba ma. Ban taɓa sanin sanyi yana ƙwace numfashi ba sai ranar, baki na buɗe ina ta haki kamar wadda ta yi gudu na kasa ko kiran sunansa. Da ya ja ni muka kai mota yatsuna sun kasa buɗe zif ɗin rigata, shi ya cire min. Minti nawa ne duka? Bai kai goma ba.

Daga baya na karanta bayanin Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya yi suna a binciken faɗawa ruwan sanyi, shi ne mai ƙa'idar nan ta 1-10-1. Minti 1 na farko ka yi ta kokawa da numfashinka kar ka firgita kar ka shaƙi ruwa, sannan kana da kamar minti 10 da hannu da ƙafa za su yi maka aiki, sannan wajen awa 1 kafin sanyi ya sa ka suma, wannan ma in akwai abin da ya riƙe ka a saman ruwa. Wato yawanci ba sanyin ne ke fara kashe mutum ba, nutsewa ce, don hannu ya mutu ba ya iya iyo. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 a kan iska. Don haka in za ka hau kwale-kwale ko ka tsaya kan duwatsun bangon dam masu santsi, rigar ceto a jikinka take ba a ƙarƙashin kujera ba. In ka sa dogon wandon robar nan na shiga ruwa ka ɗaure bel ɗinsa tam a ƙugu.

Kaya kuma ka rabu da auduga, in ta jiƙe da gumi ko ruwa ta zama maƙiyiyarka, ulu ko na roba a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje. Busassun kaya cikakku a leda a cikin mota, da tawul, da abin sha mai zafi a fulas. Safar hannu biyu don ɗaya dole ta jiƙe. Kar ka yi lissafi da yanayin da ka baro a ƙasa, kowace mita 1000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi, ga rana tana faɗawa bayan tsauni da wuri, kafin ka ankara hanya ta yi ƙanƙara. Batirin waya ma sanyi yana cinye shi, sa ta a aljihun ciki. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowa. In ka ga kana rawar ɗari ba ƙaƙƙautawa, ko ka kasa ɗaura ƙugiyar da ka saba ɗaurawa ido rufe, tattara ka tafi, kifin yana nan. Ƙanƙarar da ta fara kama bakin ruwa kuma ko da wasa kar ka hau, sai kaurinta ya kai santimita 10 kuma tana garai garai ake maganar taka ta, ta Nuwamba ba ta kai ko kusa ba.


Dan_Zolaya:

Ni dai abin da na fahimta shi ne dattijon ranar Asabar ɗin nan Kawu ne, yana kallonka yana dariya a ciki hhh


Kawu_MaiFatsa:

Ja'iri, da ni ne ai da biyar zai ƙirga.

Ɗana akwai abin da na manta mai muhimmanci, tunda na tura ka bakin rafi. Burawun da tirawut ɗin rafi mai jajayen ɗigo yanzu ne lokacin ƙwansu, daga Oktoba zuwa Disamba, shi mai bakan gizo akasari sai bazara. Macen tana hawa rafi ta share tsakuwa da wutsiya ta yi ɗan rami ta zuba ƙwai ta rufe. In ka ga wani fili a ƙasan ruwa tsakuwarsa ta yi fes ta fi ta kewaye haske, gidan ƙwai ne, kar ka taka, kuma kifin da ka gani a kansa bibbiyu ka ƙyale su. Ka tsaya a cikin dam ɗin can ƙasa da bakin rafin, masu bakan gizo sukan taru a nan suna jiran ƙwan da ruwa ya kwaso.

Saboda wannan ne ma wurare da yawa suke rufe kamu, don haka kafin ka koma ka karanta dokar ruwan da kake zuwa ba ta bara ba ta bana. A Sikotilan misali kamun burawun daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba, bayan nan laifi ne. A Amurka kowace jiha da tata, har a jiha ɗaya wani tafkin a buɗe duk shekara wani a rufe, wani an hana tana da PowerBait sai abin yaudarar kifi na ƙarfe ko na gashi kawai, wani an buɗe tafkin an rufe rafin da ke shiga cikinsa. Lasisinka ma duba ko bai ƙare ba.

In za ka saki kifi kuma iska ta kai ta daskarar da ruwa, kar ka ɗaga shi sama kana neman hoto, jajayen nan na numfashi da ke ƙarƙashin kumatunsa da idanunsa suna iya daskarewa cikin ɗan lokaci, zai tafi kamar lafiya ya je ya mutu. Cire ƙugiyar yana cikin ruwa, ka matse ɗan ƙayar ƙugiyar da filaya tun farko don ta fita da sauƙi, kuma kar ka kama shi da busasshiyar safar ulu tana kwashe santsin jikinsa. Na san cire safa a sanyin nan ba daɗi, shi ya sa tawul.


Sabon_Masunci:

Na dawo da rahoto. Kawu, Yaya Mai_Cokali, Anti Uwar_Biyu Allah ya saka da alheri. Na duba doka dam ɗin a buɗe yake amma rafin an rufe tun farkon Oktoba, da ban duba ba da na shiga. Jiya na je wajen ƙarfe goma, na auna ruwa digiri 6, na canza zare, na tafi gaɓar da iska ke duka duk da hawaye na ta zuba don sanyi. Awa ɗaya da rabi ba komai har na fara cewa a raina an dai yi min tatsuniya. Sai na tuna maganar tsayawa cak, na wurga a gicciye na ƙirga takwas na naɗe kaɗan na tsaya, kawai na ji an riƙe kamar ciyawa, na ɗaga sai ciyawar ta fara gudu. Mai bakan gizo ne wajen santimita 35, kuma wallahi bai fi taku shida daga inda nake tsaye ba, wata huɗu ina wurga dalma ta kansa.

Na biyun ya fi shi girma nesa ba kusa ba, na gan shi da idona launinsa ruwan ƙasa ne da ɗigo ɗigo, ya zo har gabana ya juya zaren ya tsinke daidai ƙulli. Ina zargin ƙullin ne don da yatsu sandararru na ɗaura shi ban ma jiƙa shi ba, ko kuma birkin ril ɗin, wato abin naɗe zaren, ne na ɗaure da yawa, don na lura da safe yana da tauri kamar man ciki ya daskare. Anti lakar ma na gwada ta da sanda kafin in taka, sandar ta shige fiye da rabi, na zagaya ta kan duwatsu.

Yaya Mai_Cokali wane ƙulli kake yi tsakanin nailan da fulorokabon ɗin, wanda mutum zai iya ɗaurawa hannu na rawa? Hasashen yanayi ya ce dusar ƙanƙara za ta sauko ranar Alhamis, ina so in koma Laraba kafin a rufe hanyar.